Ɗaki da Aji: Abin Yi da Abin Bari ga Ɗalibin Jami'ar Kuɗi

Da kai nake, ɗana, da ke, 'yata, ku da aka nema wa gurbi a jami'a mai zaman kanta a Kano, ko Abuja, ko Katsina. In na ce "kai" har da ke a ciki, sai inda na ware ki. Iyaye ma su matso kusa, akwai rabonsu. Ba lallashi ya kawo ni ba. Na ga yaron da aka sayar da gonar gado aka kai shi irin wannan makaranta, bayan shekara biyar ya dawo gida da akwati babu takarda. Da muka bi diddigi, kansa na ja, malamansa ma sun shaida. Ɗakin da ya kama, da waɗanda ya zauna da su a cikinsa, da nisan da ke tsakanin ɗakin da aji, su suka cinye shi.

Sai a 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a Najeriya, guda uku, Igbinedion da Babcock da Madonna, dukkansu a kudu. Namu sun zo daga baya: Al-Qalam a Katsina a 2005, Nile a Abuja a 2009, Baze a 2011, Skyline a titin Zariya a Kano a 2018, Maryam Abacha a Hotoro a 2021. Yau a faɗin ƙasar sun haura 140. Kowa ya san abin da ya cika su da ɗalibai. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Uba ya gaji da ganin ɗansa zaune a bakin titi, ya runtse ido ya biya. To ka san abin da kuɗin ya saya maka: kujera a aji, da shekarar karatu da ba ta tsayawa. Iyakarsa ke nan. Sauran da hannunka za ka nema.

Kafin a biya ko kwabo

Kada a biya kuɗi kafin a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince da ainihin kwas ɗin da za ka karanta. Lasisin jami'a daban, amincewar kwas daban. Jami'a na iya zama halastacciya, sashen da aka sa ka kuma bai tsallake tantancewa ba. Amincewar mataki-mataki ce: akwai cikakkiya ta shekara biyar, akwai ta wucin gadi ta shekara biyu, akwai wadda aka ƙi bayarwa sam. Ka tambayi wacce sashenku yake da ita, a nuna maka a rubuce. In likitanci ne, ko aikin jinya, ko shari'a, ko injiniya, akwai wata ƙofa ta biyu: hukumomin sana'ar, irin su MDCN ta likitoci, da COREN ta injiniyoyi, da majalisar da ke kula da karatun lauyoyi. Ta likitoci da ta lauyoyi suna yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Tambayar da za a yi a ofishin ɗaukar ɗalibai guda biyu ce: mutum nawa aka yarje muku, mutum nawa kuka ɗauka? In an ɗibi fiye da ƙima, kai ne za ka gama ka zauna jiran layin Makarantar Horar da Lauyoyi ko rantsuwar likitoci, shekara na wucewa.

Ka tabbatar gurbinka ya bi ta hannun JAMB, ka shiga shafinta ka karɓe shi da kanka, ka buga takardar ka adana. Takardar da jami'a ta ba ka ita kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa zai gane kurensa.

Kada ka saurari mai ce maka akwai gajeriyar hanya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna wa duniya yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Masu gaskiya da yawa sun sha wahala a dalilin masu sayen takarda.

Alhaji, wannan taka ce. Kada ka yi lissafin shekara ɗaya ka jefa yaro. Ka yi na shekara huɗu, ko biyar, ko shida, ka ɗora ƙari a kai, don kuɗin makaranta a ƙasar nan hawa yake yi, ba ya sauka. Ka tambaya dalla-dalla: kuɗin karatu nawa, na ɗaki nawa, na abinci nawa, na asibiti da na ɗakin gwaje-gwaje nawa, wanne ne ke cikin jimillar da aka faɗa maka, wanne ne ba ya ciki. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati aka buɗe wa shi, kada ka sa shi a lissafinka. Babu abin da ya fi karya zuciyar yaro kamar a tare shi a ƙofar ɗakin jarrabawa a aji uku saboda ba a cika kuɗi ba. In ka ga numfashinka ba zai kai ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kada a tura kuɗin makaranta ko na ɗaki asusun wani mutum, ko da ma'aikacin jami'ar ne, ko da ɗan garinku ne. A biya ta hanyar da makaranta ta tsara, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa, a ajiye asalin a gida.

Inda za ka kwanta

Shekarar farko ka zauna a ɗakin kwanan makaranta, in akwai shi kuma da halin biya. Na san ya fi tsada a wasu wuraren, na san akwai doka da takura, na san za a haɗa ka da wanda ba ka taɓa gani ba. Duk da haka ka zauna. Ɗan aji ɗaya bai san gari ba, bai san malamai ba, bai san kansa ba. Wanda ya kwana a cikin harabar makaranta, tafiyar minti biyar ce tsakaninsa da lakcar ƙarfe takwas, laburare na kusa, wuta ta fi samuwa, in zazzaɓi ya kama shi da dare akwai wanda zai kai shi asibiti. Wanda ya kama ɗaki a gari tun ranar farko, an miƙa masa 'yanci da mukulli a lokacin da bai san abin da zai yi da su ba.

Kada ka yarda da hoton da aka buga a takardar talla. Gani ya kori ji. Ka je da ƙafarka, ka shiga ɗakin da za a ba ka, ba wanda ake nuna wa baƙi ba. Ka murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Ka leƙa banɗaki. Ka ƙirga gadaje. Ka tambayi ɗalibin da ka tarar a wurin, ba jami'in da ya rako ka ba: ƙarfe nawa ake kunna janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, in ruwa ya ɗauke kwana nawa yake yi, in abu ya lalace wa ake gaya wa kuma yaushe ake gyarawa. Ka duba tagogi. Yawancinsu an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, to in gobara ta tashi a bene na uku ta ina za ka fita? In ƙofar baya a garƙame take da kwaɗo, ka tambayi wanda mukullin ke hannunsa, kuma ko a nan yake kwana. Wannan tambayar ba ta da daɗin ji, amma ka yi ta.

Ka karanta littafin dokokin ɗalibai daga bango zuwa bango kafin ka sa hannu. Lokacin rufe ƙofa, takardar izinin fita, dokar baƙi, dokar girki a ɗaki, irin suturar da aka yarda da ita, duk suna ciki. Jami'ar kuɗi ba ta jan magana wajen kora, kuma wanda aka kora ba a mayar masa da kuɗinsa. "Ban sani ba" ba ta taɓa ceton kowa a gaban kwamitin ladabtarwa ba.

In dole ta sa sai ka kama haya a gari, to ka buɗe kunne, don a nan aka fi yin asara.

Kada araha ta kai ka nesa. Ɗalibin da makarantarsa ke wajen titin filin jirgi a Abuja, ya je ya kama ɗaki a Mararaba ko Nyanya don ya fi sauƙi, ya sayi wahala da kuɗinsa: zai keta birnin gaba ɗaya cikin cunkoson safiya, ya sake keta shi da yamma. Haka wanda ke karatu a Hotoro ya zauna a Rijiyar Zaki ko Kurna. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu. Ka ɗauki biro ka lissafa: kuɗin adaidaita sahu ko tasi zuwa da dawowa, sau kwana biyar, sau makonnin shekara. Ka ɗora a kan kuɗin hayar. Sau da yawa za ka tarar ɗakin nesa ya fi na kusa tsada. Wannan kuɗi ne kawai. Ba a sa awa biyu ko uku da hanya ke ci kullum ba, ba a sa gajiyar da za ta hana ka buɗe littafi bayan isha'i ba.

Kada ka ba dillali kuɗin haya kafin ka ga mai gida ko wakilinsa na gaskiya. Ana ba mutum uku ɗaki ɗaya, dillali ya kashe waya. Ka nemi yarjejeniya a rubuce: nawa ne hayar, daga yaushe zuwa yaushe, nawa ne la'ada, nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna kuma da wane sharaɗi za a dawo maka da shi, wa ke gyaran rufi in ya yi yoyo, wa ke kwashe masai in ya cika. Ka je da babba, kawunka ko wani aminin mahaifinka da ke garin, ya zama shaida. Ranar da ka shiga, ka ɗauki hoton kowace tsaga da kowane fasasshen gilashi.

Ka tambayi maganar wuta da ruwa kafin ka tambayi launin fenti. Mita mai kati ce, ko takardar ƙiyasi ake kawowa? Mutum nawa ke kan mitar? Akwai tsohon bashi a kanta? A wane rukunin wuta unguwar take? A Afrilun 2024 aka ɗaga wa masu rukunin A kuɗin wuta zuwa sama da naira 200 a kan kowane yunit, kuma in mita ɗaya kuke da mai injin daskarar da ƙanƙara, kai za ka riƙa biya masa. Ruwa kuwa, akwai rijiyar burtsatse a gidan, ko sai an jira 'yan garuwa? Nawa ake sayar da kura a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya?

Ka je unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan magariba. In da hali ka tambayi yadda layin yake zama da damina. Ka ga su wa ke zama a bakin layi da dare, ka ga ko akwai gidan biki ko gidan kallon ƙwallo jikin bangonka. Ka gai da mai unguwa da limamin masallacin layin, su san fuskarka, su san ɗan wane ne kai. Baƙon da unguwa ta sani, unguwa ke tsaronsa.

Kada ka raina maganar tsaro don kana cikin birni. A Afrilun 2021 aka kwashi ɗaliban jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, aka kashe biyar daga cikinsu. A Satumbar 2023 aka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka tafi da fiye da 20, yawancinsu mata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gidan da ke ƙarshen gari, bayansa daji, babu katangar kirki, babu maƙwabta, ko kyauta aka ba ka kada ka kwana a cikinsa. 'Yata, ke musamman: kada ki kama ɗaki ke kaɗai a gidan da ba ki san sauran mazaunansa ba, kuma kada ki sanya wa duniya hoton ƙofar gidanku a TikTok ko Instagram.

Kada ka kunna janareto a cikin ɗaki, ko a baranda mai rufi, ko a ƙarƙashin taga, don tsoron kada a sace shi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, barci take sa mutum, daga nan sai a fasa ƙofa da safe. Gwamma a sace shi. Haka gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi. Tukunyar gas kuma ba a kwana da ita kusa da katifa, kuma ba a barin abin dafa ruwa na lantarki a jone a tafi aji, don an ɗauke wuta. Za a dawo da ita ba ka nan.

Wanda kake kwana da shi

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A makon farko, tun ana ganin mutuncin juna, ku zauna ku yanke magana: ƙarfe nawa ake kashe fitila, ƙarfe nawa ake daina kiɗa da waya a bayyane, wa ke shara yau wa ke yi gobe, abinci haɗaka ne ko kowa nasa, baƙo zai iya kwana ko ba zai iya ba. Kunya ce ke hana yara wannan zama, sai a bari har abu ya taru ya fashe a makon jarrabawa. Abokin ɗakinka yana iya zama Bayarabe, ko Ibo, ko Tibi, yana iya zama ba addininku ɗaya ba. Ka girmama lokacin ibadarsa, ka nemi ya girmama naka, kada ka taɓa masa kaya sai da izini, kada kai ma ka bari a mai da kayanka na gayya. In zama ya ƙi, ka je wurin mai kula da ɗakuna ka nemi canji da wuri. Kada ka kai hannu. Mari ɗaya ya isa a kore ka.

Kada ka mai da ɗakinka majalisa. Ɗakin da ake taruwa kallon ƙwallo da buga karta, mai shi ne ke fara faɗuwa, don kowa in ya gaji zai koma nasa ɗakin ya yi barci ko karatu, kai kuwa ba ka da wurin gudu.

Kada ka karɓi ajiyar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Jaka, ƙunshi, kwalba, waya, kwamfuta. In aka zo bincike aka same ta a ƙarƙashin gadonka, taka ce, kuma jami'an NDLEA ba za su tsaya jin labarin abokin da ya ce "riƙe mini zuwa gobe" ba. Tun 2018 gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma shi da ƙwayoyi ba su bar ɗakunan ɗalibai ba, kuma ɗan mai kuɗi shi dillalan suka fi nema. Da "ɗanɗana, zai taimake ka karatun dare" ake farawa. In ka ga abokin ɗakinka ya faɗa, rufa masa asiri ba ƙauna ba ce. Ka gaya wa wanda zai iya taimakonsa, ka kuma bar ɗakin.

Akwai kuma waɗanda ba su da matsalar haya, don a garin iyayensu suke, ko an sauke su gidan kawu ko gwaggo. Ana ɗauka su ne suka huta. Sau da yawa su suka fi shan wuya, kuma ba mai gani. Hajiya, Alhaji, kun biya miliyoyi, sannan kun mai da yaron direban gida: kai ƙannenka makaranta, ɗauko gwaggonka a tasha, tsaya a shago zuwa la'asar. Yarinya kuma ta dawo daga lakca ƙarfe shida ta ɗora tukunya, ta yi wanke-wanke, ta yi rainon ƙanne, sai sha ɗaya na dare ta buɗe littafi idonta na rufewa. In sakamako ya fito a ce ba ta da ƙoƙari. Ku ware masa lokaci da wuri, ko da kusurwar ɗaki ce da tebur da fitila mai caji, ku ɗauke masa aike a makonnin jarrabawa. Kai kuma da ke zaune gidan dangi, ka yi musu hidima gwargwado, ka nuna wa mai gidan jadawalin karatunka tun farkon zango, don kada rashin ganinka ya zama raini a idonsa.

A cikin aji

Kada kalmar "ai kuɗina na biya" ta taɓa fitowa daga bakinka a gaban malami. Ba kanti ka shiga ba. Wanda ya ɗauki malaminsa yaron shagon ubansa ba zai koyi komai a wurinsa ba, kuma ranar da ya fita neman aiki, ba za a tambaye shi nawa ya biya ba, za a ajiye masa aiki a ce yi mu gani. Akwai masu kallon takardar jami'ar kuɗi da shakka tun kafin su buɗe ta. Kai ne za ka ƙaryata su ko ka gaskata su.

Ka halarci aji. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce sai ka halarci kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Kwas ɗin da aka shiga sau 12, in ka rasa huɗu ka fita daga layi. Kada ka sa wani ya sa maka hannu a takardar halarta, kada kai ma ka sa wa wani.

Kada ka ce shekarar farko ta sabo da wuri ce. Ga lissafin, ka duba shi da kyau. A ma'aunin maki biyar, digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40. A ce karatun shekara huɗu ne kuma nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne. In ka gama aji ɗaya da 2.00, ko da ka cinye A a kowane kwas na sauran shekaru ukun, 4.25 za ka tsaya. Daraja ta ɗaya ta tafi tun kana sabon shiga. Kafin ka kai 3.50 kuwa, sai ka riƙe 4.00 shekara uku a jere ba tuntuɓe. Kwas ɗin da ka faɗi, sifili za a rubuta maka, nauyinsa kuma yana nan cikin abin da za a raba da shi, sannan ka sake ɗaukarsa baɗi a kan kayan baɗin. In ya hana ka fita tare da 'yan ajinku, ƙarin zango ne, ƙarin kuɗin makaranta, ƙarin kuɗin ɗaki, duk daga aljihun mutumin da ya riga ya gaji.

Kada ka raina gwaji da aikin gida. Maki 30 ko 40 cikin 100 a nan suke, tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Ka yi rajistar kwasa-kwasanka da kanka, a kan lokaci, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku ya duba ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Kada ka ba mai shagon intanet lambar sirrinka ka tafi cin abinci. Jarrabawar da ka rubuta a kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, aikin banza ce.

Ka ci moriyar abin da ɗalibin jami'ar gwamnati yake nema bai samu ba. Shi yana zaune da ɗaruruwa a zaure ɗaya, wani a kan taga, malami bai san sunansa ba. Kai ajinku bai fi a ƙirga ba. Ka yi tambaya. Ka bi malami ofis. Ka shiga ɗakin gwaje-gwaje ka taɓa kayan da hannunka. Ka sani kuma cewa wasu malamanku aro aka yi daga jami'o'in gwamnati, suna zuwa ne kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci Asabar, su dunƙule karatun makonni a zama ɗaya. Ranar da irin wannan malami zai zo, ko bikin wa ake yi kada ka je. Ka karanta abin da zai koyar kafin ya iso.

Ka gyara Turancinka, kada ka ji kunyar hakan. Da yawa daga yaranmu sun fahimci darasi, amma in aka ce su rubuta shafi biyu sai hannu ya tsaya. Da Turanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa. Ka karanta littafi na gaske, ba taƙaitaccen bayanin da ake turawa a WhatsApp daren jarrabawa kaɗai ba. Ka rubuta shafi ɗaya kullum ka ba wanda ya fi ka ya gyara maka. Hausarka ba za ta ragu da komai ba.

Kada ka shiga jarrabawa da waya ko 'yar takarda. Kada ka sayi aikin binciken kammala karatu a wurin masu buga takardu. Kada ka sa ChatGPT ya rubuta maka aiki ka manna sunanka. Ka tambaye shi abin da ya shige maka duhu in kana so, ka tabbatar da amsar a littafi, don yana ƙaga abin da babu shi, har da sunayen littattafai. Ranar kare aikin, kai za ka tsaya gaban malamai, kuma tambaya biyu ta isa a gane wanda ya yi da wanda aka yi wa.

'Yata, in malami ko ma'aikaci ya nemi ya haɗa makinki da mutuncinki, kada ki yi shiru, kada kuma ki je ofishinsa ke kaɗai. Ki adana saƙonninsa, ki rubuta rana da lokaci, ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika amince da ita, ku kai ƙara a rubuce ga shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai. In an danne maganar, akwai hukumomi a wajen makaranta. Iyaye, in 'yarku ta zo muku da wannan, kada tambayarku ta farko ta zama "me kika yi masa?"

In lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, ka je ka yi aikin. Kada ka kai littafin ofishin abokin babanka a buga masa hatimi kana kwance a gida.

Birni da aljihu

Kada ka yi gasa. A ajinku akwai wanda direba ke kawowa, akwai mai canza waya duk zango. Ba ka san yadda gidansu yake ba, amma ka san yadda naku yake. Ka raba kuɗin wata gida huɗu ranar da ya shigo. Kada ka ci bashin manhajojin waya, masu kiran duk lambobin da ke wayarka su tozarta ka. Kada ka kusanci cacar ƙwallo. Na ga wanda ya zuba kuɗin makarantarsa a ciki yana jiran ya ninka, ya ɓoye wa gida zango guda yana fita da safe kamar mai zuwa aji.

Kada ka tsaya bakin titi a Kano da dare kana latsa waya, in kuma aka tare ka da makami, ka miƙa ta. A Abuja kada ka shiga motar da ba ta tasha ba don ta fi araha ko don kana sauri, musamman in gari ya yi duhu. Masu fashi da motar haya da haka suke kama mutane. Ka sa wani ya san inda ka tafi da lokacin da za ka dawo.

Ka kwana cikin gidan sauro. Ka kula da ruwan da kake sha. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, asibiti ake kai shi, ba kemis ba. In ya zo da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi a ɗaki mai cunkoso, ba a jiran gari ya waye. Indomi safe da dare ba abinci ba ne; wake da shinkafa, ɗanwake, ƙwai, ganye, duk ba su fi ƙarfinka ba. In kuma ka ji duniya ta yi maka ƙunci, barci ya ƙaurace, ka daina son fita daga ɗaki, ka faɗa wa wani. Wannan ma ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Iyaye, kada ku tsaya a "yaya karatu?" "lafiya lau." Ku ce a nuna muku sakamakon kowane zango a shafin makaranta, da idonku. Ku riƙe lambar malamin da ke kula da ajinsa da ta mai kula da ɗakinsu. Ku kai ziyara ba tare da sanarwa ba, ku shiga har cikin ɗakin. In yaro ya ce muku likitancin nan da kuka zaɓa masa ya fi ƙarfinsa, ku saurare shi tun yana aji ɗaya, lokacin da canjin sashe bai wuce cike takarda ba.

Ranar da za ka bar ɗaki, ka share shi, ka kira mai kula da gidan ya duba a gabanka, ka miƙa mukulli hannu da hannu, ka karɓi shaidar ba a bin ka komai, ka nemi kuɗin ajiyarka. Kafin a tura sunanka bautar ƙasa, ka jera takardar JAMB, da ta WAEC ko NECO, da katin NIN, da abin da makaranta ta rubuta, ka duba harafi-harafi. In wata ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, ka gyara tun kana cikin makarantar, tun ma'aikatan ofishin rajista suna gane fuskarka.